Uwargida, Kafin Ki Ɗora Wa Sabis Laifi, Duba Abin Da Ke Kunnenki

Akwai wata ɗalibata a nan Dogon Daji da aka kai ta aure Sakkwato, takan kira ni ta bidiyon WhatsApp ta biya mini hadda. Rannan sau uku ina gyara mata harafin sad, ita kuwa ta dage daidai ta faɗa, har ranta ya ɓaci. Ashe ita ce da gaskiya, laifin na iyafis ɗin Bluetooth da ke kunnena ne.

Ga yadda abin yake. In kina sauraro kawai, Bluetooth yakan buɗe wa sauti hanya mai faɗi. Amma da zarar an shiga kira, makirfo ya buɗe, sai ya koma ƙunƙuntar hanya don murya ta riƙa kai da komo. Kunnen ɗan Adam na iya jin sauti har kusan kilohaz 20, alhali a wannan hanyar tsofaffin iyafis ba sa wuce 4, masu dama-dama kuma 8. Siririn sautin da ke bambanta sin da sad da sa mai ɗigo uku kuwa a can sama yake, shi ake yankewa.

To, mene ne abin yi? Da farko ki gano mai laifi. Kina cikin kiran ki kashe Bluetooth, ki koma sifikar waya. In murya ta washe, iyafis ne. In kuwa hoto na sandarewa, magana na yankewa, to sabis ne. Ki rufe bidiyon, domin murya kaɗai ba ta cin data sosai.

In iyafis ne, kada ki bar waya a ɗaka ki tafi madafi. Iyakarsa kamar mita 10 ce, bango kuma yana rage ta, har jikinki ma yana tare siginar. Ki kashe hotspot in ba a amfani da shi, domin sau da yawa zango ɗaya suke bi da Bluetooth. Ki tabbata akwai caji. Ki lura da hijabi, don in yana gogar makirfo, ƙarar yadi kawai za a ji a can. Ƙurar hunturu da daudar kunne ma suna toshe ragar. Ki share da busasshen burushi mai laushi, ban da allura, ban da ruwa. In ya ƙi, ki goge sunansa daga wayar ki sake haɗa su.

Ni dai yanzu in za a biya karatu, mai igiya nake sawa, ga araha ga tsabtar murya. Ɗalibar tawa kuwa na ba ta haƙuri. Allah Ya tsare mu da ɗora wa wani laifin da ba nasa ba, amin.