BA KOWACE FAƊUWA CE ISKA BA: ƘARIN FANKIRIYAS MAI SAUKAR DA SUGA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Darasin yau a kan wata cuta ne wadda ba a cika samunta ba, amma idan ta zo tana zuwa ne cikin rigar wata cutar. Ni kaina ta taɓa yaudarata, don haka zan fara da kuskurena kafin in zo ga bayani.

*Abin da ya faru a zaurena*

Shekarun baya wani mai Keke Napep ya kawo min matarsa nan Romi, ba ta wuce shekara talatin da biyar ba. Ya ce, "Malam, da asuba in an tashe ta sallah ba ta tashi. In ta buɗe ido sai sambatu, ba ta gane 'ya'yanta, ga zufa sharkaf ko da sanyin hunturu ake. Surukata ta ce iska ce."

Na yi mata ruƙya, na dama zuma a ruwa da ɗan man habbatus sauda ta sha. Kafin minti goma ta dawo hayyacinta tana tambayar me ya kawo ta nan. Aka yi kabbara, aka ce ya fita. Sau uku ana kawo ta, sau uku haka na faruwa.

Da azumi ya kama sai abin ya tsananta, kullum kafin la'asar tana ƙasa. Ranar da aka sake kawo ta, 'yata da ke aikin jinya tana gida. Ta ɗauko na'urar gwajin suga ta tsira mata a yatsa kafin in ba ta komai, na'ura ta nuna 38. Ta ja ni gefe ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Zumar da kake ba ta ce ke ɗaga suganta, shi ya sa take farfaɗowa. Wannan ta asibiti ce."

Maganar ta yi min nauyi, amma gaskiya ce. Na kira mijin na ce, "Ɗana, addu'a za mu ci gaba da yi, amma gobe ka kai ta asibitin koyarwa." Sun sha zirga-zirga na watanni, sai da 'yan uwa suka yi karo-karo. A ƙarshe aka gano wani ƙari a cikinta wanda bai wuce ƙwayar gurjiya ba, aka cire shi. Tun daga nan ba ta sake faɗuwa ba, kuma tana azuminta.

*Mene ne fankiriyas?*

Wata tsoka ce doguwa mai laushi da Allah Ya shimfiɗa a bayan tumbi, tsawonta kamar santimita 15. Larabawa suna ce mata bankiriyas. Kar ku haɗa ta da saifa ko matsarmama, kowacce daban take. Aikinta biyu ne. Tana zuba ruwan narkar da abinci a cikin hanji, sannan tana sakin wasu sinadarai kai tsaye cikin jini don su daidaita suga.

Masu wannan aiki na biyu wasu ƙananan ƙwayoyi ne a dunƙule, warwatse a cikinta kamar tsibirai. Wani ɗalibin likitanci Bajamushe, Paul Langerhans, shi ya fara ganinsu a 1869 a Balin. Daga cikinsu insulin yake fitowa, wanda aka gano a 1921 a Toronto ta ƙasar Kanada. Aikin insulin shi ne ya kwashe suga daga jini ya shigar da shi cikin gaɓoɓi. In ya yi ƙaranci ko jiki ya daina jin maganarsa, suga ya taru, shi ne ciwon sugan da kowa ya sani.

To wani lokaci sai ƙari ya tsiro daga waɗannan ƙwayoyin, ya dinga zubo insulin dare da rana, mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Likitoci suna kiransa insulinoma. A cikin mutum miliyan ɗaya, kamar 1 zuwa 4 ne ke kamuwa da shi a shekara.

*Me ya sa yake kama da shafar aljanu?*

Domin ƙwaƙwalwa da suga take aiki, kuma ba ta da rumbun ajiya. Sugan mai lafiya da safe kafin ya karya yana tsakanin 70 da 100 a na'ura. In ya sauka ƙasa da 55, sai a fara ganin abubuwa iri biyu.

Na jiki: zufa mai sanyi, karkarwa, bugun zuciya da sauri, muguwar yunwa.

Na ƙwaƙwalwa: gani bibbiyu ko dishi-dishi, ruɗewa, maganar da ba kai ba gindi, faɗa ba dalili, kallon mutane kamar ba a san su ba, jijjiga irin ta farfaɗiya, har suma. Bayan an farfaɗo sau da yawa mutum ba ya tuna abin da ya yi.

Ku duba da kyau, waɗannan su ne alamun da ake rugo mana da su ana cewa iska ce. Wasu a kai su asibitin ƙwaƙwalwa, wasu su shekara suna shan maganin farfaɗiya ba sauƙi. Ba na musun aljanu, kuma ruƙya gaskiya ce a shari'a. Abin da nake cewa shi ne mai magani amana ce a wuyansa ya bambance, don sugan da ya daɗe a ƙasa yana iya lalata ƙwaƙwalwa ko ya yi kisa.

*Tambayoyi huɗu da za ku yi a gida*

1. Yaushe abin yake tashi? In da asuba ne, ko in an jinkirta abinci, ko da azumi, ko bayan aikin ƙarfi, ku sa alamar tambaya.
2. Yana lafawa cikin mintuna in an ba shi zuma, dabino, lemon kwalba ko shayi mai suga?
3. Yana ƙara ƙiba saboda ya koyi yawan ciye-ciye don kar abin ya zo, har yana tashi cikin dare ya ci?
4. A danginsu akwai masu yawan tsakuwar ƙoda, ko gyambon ciki mai taurin kai, ko ƙari a maƙogwaro ko a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa? Wani kaso kaɗan na wannan cuta gadonsa ake yi.

Wani likitan fiɗa na Amurka, Allen Whipple, tun shekarun 1930 ya tattara sharuɗɗa uku da har yau ake aiki da su: a ga alamun, a auna suga a daidai lokacin a same shi a ƙasa, sannan alamun su gushe in an ɗaga sugan. Ku riƙe na tsakiyar nan. Gwajin da aka yi bayan an sha zuma ba ya nuna komai. A tsira yatsa tukuna, daƙiƙa kaɗan ne, a rubuta lambar da lokacin da ranar a takarda. In babu na'ura a kusa, kar a jira ta, a ba shi zaƙi.

*Kar kowa ya yanke wa kansa hukunci*

Mafi yawan masu saukar suga ba ƙari ne da su ba. Abin da ya fi jawo shi shi ne maganin ciwon suga da ya yi yawa, irin su allurar insulin da Glibenclamide, musamman in an sha ba a ci abinci ba. Akwai kuma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da allurar kwinin, da ciwon hanta ko ƙoda, da shan giya. Akwai haɗe-haɗen kwalba da ake sayarwa a tasha waɗanda ba wanda ya san abin da aka zuba ciki. Likita sai ya kawar da waɗannan duka kafin ya yi zancen ƙari. Saboda haka in za ku je, ku tafi da duk maganin da mara lafiya yake sha, na Bature da namu na gargajiya, kar ku ɓoye ko ɗaya.

*Yadda ake gano shi a asibiti*

Ana kwantar da mutum a hana shi abinci a ƙarƙashin kulawa, har zuwa awa 72 in ta kama, ruwa kawai yake sha, ana auna jininsa akai-akai. Da sugan ya faɗi sai a ɗebi jini a auna insulin. Mai lafiya in suganshi ya sauka, insulin ɗinsa ma sauka yake. Mai wannan ƙari kuwa sai a ga suga a ƙasa, insulin a sama. Akwai wani gwajin da ake haɗawa da shi mai nuna cewa daga jiki insulin ɗin ya fito ba daga allura ba. Don Allah kar wani ya gwada wannan yunwar a gida.

Daga nan sai neman inda ƙarin yake da hoton CT ko MRI, ko na'urar hoto da ake zurawa ta baki zuwa tumbi. Galibinsu ba su kai santimita 2 ba, shi ya sa hoton ciki na yau da kullum yakan ce babu komai. In an ce muku hoto bai nuna ba alhali lambobinku na nuna suga na faɗuwa, ku nemi a tura ku gaba.

Mu da ke kudancin kogi, ana iya farawa daga babban asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Barau Dikko, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano a Kano. Ku ce kuna son ganin likitan da ya ƙware kan ciwon suga da sinadaran jiki.

*Magani*

Albishir shi ne kusan 9 cikin 10 na insulinoma ba ciwon daji ba ne, kuma yawanci guda ɗaya ne tak. In aka cire shi da tiyata, akasari an rabu da ciwon ke nan. Tun 1929 aka fara yin wannan aiki cikin nasara a Toronto. Wanda ba za a iya yi wa aiki ba, ko yake jiran rana, akwai magunguna irin su Diazoxide da Octreotide da likita ke bayarwa don rage zubar insulin.

Ni da na haura shekara talatin ina harkar itatuwa ina gaya muku, ban san wani sassaƙe ko saiwa da ke narkar da wannan ƙari ba. Zuma da dabino suna ceton rai a lokacin faɗuwa, amma ƙarin yana nan inda yake. Kuma ku nisanta mai wannan ciwo daga abubuwan da ake sha don saukar da suga, kamar ruwan shuwaka, garahuni, hulba da kirfa. Jin an ce "matsalar suga" kar ya sa ku ba shi maganin masu hawan suga, nasa akasin haka ne.

Kun san Steve Jobs, mai kamfanin Apple. A 2003 aka gano masa ƙari daga wannan dangi a fankiriyas. Ya jinkirta tiyata kusan wata tara yana gwada tsarin abinci da wasu hanyoyi, sai a 2004 aka yi masa aikin, ya rasu a 2011. Ajali na Allah ne, amma wanda ya rubuta tarihinsa ya ce ya yi nadamar jinkirin. Mai dukiya irin tasa ma bai sayi lokacin da ya wuce ba.

*'Yan uwansa guda uku*

Ba insulin kaɗai waɗannan ƙari ke zubarwa ba, kuma waɗannan ukun sun fi insulinoma saurin zama ciwon daji.

Gastrinoma: yana sa tumbi ya yi ta zubo ruwa mai tsami. Alamarsa olsar da ke dawowa duk da an sha Omeprazole yadda ya kamata, tare da zawo. Yakan tsiro a fankiriyas ko a farkon hanji. Likitoci biyu, Zollinger da Ellison, suka bayyana shi a 1955.

Gulukagonoma: ƙuraje masu saɓa da ke yawo a cinyoyi, matsematsi da gefen baki, ga rama, ga hawan suga.

Bifoma: zawo kamar ruwa, lita-lita a rana, makonni ba ya tsayawa ko an daina cin abinci, har ƙafafu su mutu.

*In mutum ya faɗi a gabanku*

In yana iya haɗiya, ku ba shi babban cokali ɗaya na zuma, ko dabino uku, ko rabin kwalbar lemo mai suga. Bayan minti 15 in bai dawo daidai ba a ƙara, sannan a bi shi da abinci mai riƙe ciki.

In ya suma, kar a ɗura masa komai, ko ruwan rubutu ko zamzam, zai iya shaƙewa ya tafi huhu. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti mafi kusa, a ce musu a auna suga. Ku yi ta karatunku a cikin mota.

*Maganar azumi*

Wanda aka tabbatar ko ake kyautata zaton yana da wannan ciwo, kar ya yi azumi har sai likita ya ba shi dama. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185. Zai rama bayan ya warke, in kuwa ciwon ya zama wanda ba a sa ran rabuwa da shi sai ya ciyar. Wanda yake cikin azumi ya ji zufa da karkarwa da ruɗewa, ya karya nan take ko da saura minti biyar a kira magariba. Iyaye da mazaje, ku daina ce wa irin waɗannan bayin Allah ragwaye.

Ga 'yan uwana masu ruƙya da masu magani, shawarata ita ce kowa ya ajiye na'urar gwajin suga a zaurensa, ana samunta a manyan kemis. Ni tawa tana kusa da kwalbar zumata tun daga wancan azumin. Annabinmu (SAW) ya kwaɗaitar da mu neman magani, kuma tura mara lafiya wurin wanda ya fi ka sanin ciwonsa yana cikin neman maganin.

Duk wanda ya san wani mai irin waɗannan alamu, ya tura masa wannan saƙo ko ya karanta wa iyalinsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.