Kwaɗon da Aka Ba Duniya Kyauta

A shekarar 1995 aka gano cewa wasu ɓata-gari sun dasa manhajar leƙen asiri a layin sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki da ke ƙasar Finlan, suna kwashe kalmomin sirrin mutane. Aikin bai ba su wahala ba, domin a wancan zamani duk mai son shiga kwamfutar da ke nesa da shi yana amfani ne da manhajoji irin su telnet, waɗanda ke tura suna da kalmar sirri a fili, harafi bayan harafi. Wanda duk ya kasa kunne a hanya zai karanta. Wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya zauna ya rubuta manhajar da ke sirranta wannan zirga-zirga, ya sa mata suna SSH, ya sake ta kyauta. Kafin shekara ta ƙare ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Yadda take aiki yana da sauƙin fahimta. Mai amfani da ita yana ƙirƙirar lambobi biyu masu alaƙa da juna ta hanyar lissafi, ɗaya ta fili, ɗaya ta sirri. Ta filin kamar kwaɗo ce da aka bari a buɗe: kana iya buga kwafinsa dubu ka raba, kowa ya iya datse akwati da shi. Ta sirrin kuwa ita ce makulli, kuma tana nan a kwamfutarka, ba ta fita ko nan da can. Idan za ka shiga wata babbar kwamfuta da ke Legas ko Landan, tun farko ka ajiye kwaɗonka a wurinta. A tsarin farko na SSH, sai ta datse wata lamba da shi ta turo maka. Idan ka buɗe ka mayar da amsa daidai, ta tabbatar kai ne. Tsarin yau ya koma amfani da sa hannu na lissafi, amma ƙa'idar tana nan: ana tabbatar da kai ba tare da sirrinka ya bi waya ba. Kafin ma a kai ga wannan mataki, kwamfutocin biyu sun riga sun yi yarjejeniya kan wata lambar wucin-gadi da za ta rufe duk hirarsu, wadda ke mutuwa da zarar an rabu.

Sai dai Ylönen ya kafa kamfani a ƙarshen 1995, kuma sababbin fitowar manhajar suka riƙa zuwa da sharuɗɗa masu tsauri. A 1999 wani ɗan ƙasar Suwidin, Björn Grönvall, ya koma ga tsohuwar fitowa ta 1.2.12, wadda lasisinta bai ɗaure kowa ba, ya ci gaba da gyara ta. Daga hannunsa masu haɗa OpenBSD suka karɓa, suka tsaftace ta, suka fitar da OpenSSH a cikin OpenBSD 2.6 a watan Disambar 1999. OpenBSD babbar manhajar sarrafa kwamfuta ce da Theo de Raadt ke jagoranta daga birnin Kalgari na Kanada, kuma zamansa a Kanada ya yi rana. A shekarun 1990 dokar Amurka tana lissafa manhajar sirrantawa mai ƙarfi a sahun kayan yaƙi, har hukumomi suka shafe kusan shekara uku suna binciken Phil Zimmermann saboda manhajarsa ta PGP ta tsallake iyaka. Daga Kanada ana iya fitar da irin wannan manhaja ta kyauta ba tare da wannan tarnaƙi ba.

A nan ne maganar lasisi ta shigo, kuma ita ce ƙashin bayan labarin. Manhajojin da ake buɗe ainihin rubutunsu ga jama'a sun kasu gida biyu manya. Gida na farko shi ne na GPL, lasisin da Richard Stallman ya fitar a 1989. Sharaɗinsa shi ne: ɗauki, gyara, sayar ma idan ka so, amma in ka raba wa mutane abin da ka gina a kai, dole ka buɗe naka rubutun a ƙarƙashin wannan lasisi. Zuciyar babbar manhajar Linux a wannan gida take, haka ma GnuPG, manhajar sirrantawa ta Werner Koch. Gida na biyu shi ne na lasisi mai sassauci, irin su BSD da ISC da MIT. Waɗannan ba su wuce 'yan layuka ba, kuma abin da suke nema kaɗan ne: kada ka goge sunan masu aikin, kada kuma ka kai su kotu idan abu ya lalace. Bayan haka, ko ka cusa manhajar a na'urarka ka rufe ka sayar, babu mai tuhumarka.

Wasu na ganin wannan sakaci ne, a yi wa kamfani aiki ya kwashe riba bai mayar da ko sisi ba. Ƙorafin yana da tushe, zan kuma dawo kansa. Amma a fagen tsaro ina tare da masu sassauci. Kamfanin da ke ƙera na'urar rarraba intanet, idan lauyoyinsa suka ce lasisi zai tilasta masa buɗe sirrin kasuwancinsa, ba zai buɗe ba. Zai sa injiniyoyinsa su rubuta tasu manhajar sirrantawa cikin gaggawa, ko ya bar telnet yadda take. Ilimin sirrantawa kuwa fage ne da ƙwararru ma ke tuntuɓe a cikinsa, balle mai sauri. Wanda zai kwana a ciki shi ne mai sayen na'urar, da duk wanda saƙonsa ya ratsa ta cikinta. Shi kansa Stallman, a 2001, ya goyi bayan a saki manhajar sauti ta Ogg Vorbis da lasisi mai sassauci, domin a wurin yaɗuwa ta fi komai muhimmanci.

Sakamakon a bayyane yake. Yau OpenSSH tana cikin kusan kowane nau'in Linux, tana cikin kwamfutocin Apple, kuma Microsoft, wanda a da ba ya ga maciji da manhajojin kyauta, ya saka ta a Windows 10 da Windows Server 2019. Telnet ta zama tarihi a yawancin wurare.

To, ga inda gizo ke saƙa. Lasisin da bai tilasta wa kowa ya mayar da komai ba yana barin masu aikin da aljihu wayam. A watan Janairun 2014 OpenBSD ta yi shelar cewa aikin na iya tsayawa saboda kuɗin wutar lantarki, kimanin dalar Kanada 20,000, alhali manyan kamfanonin duniya na dogaro da manhajarta. Gudummawar jama'a ce ta cece ta.

Wata uku bayan haka aka ga abin da ya fi wannan muni, a wata manhajar daban mai kama da suna, wato OpenSSL. Ita ce a lokacin ke sirranta hanyar da ke tsakanin mai lilo a intanet da ɗimbin shafukan duniya. A cikinta akwai wani ɗan saƙo da kwamfuta ke turawa don ta ji ko ɗaya ɓangaren na nan: ta aika kalma tare da faɗin tsawonta, a mayar mata da ita. Kuskuren shi ne ba a duba ko tsawon da aka faɗa gaskiya ne. Maƙetaci sai ya aika harafi ɗaya ya ce dubbai ne, ita kuwa kwamfutar ta cike gurbin da duk abin da ke ƙwaƙwalwarta, har kilobayit 64 a kowane karo, ciki har da kalmomin sirri da makullai. Wannan ɓaraka, da aka sa wa suna Heartbleed, ta yi shekara biyu a fili kafin a sanar da ita a ranar 7 ga Afrilun 2014. An ƙiyasta ta shafi shafuka kusan rabin miliyan, kuma hukumar harajin Kanada ta ce an sace lambobin shaidar mutane kimanin 900 ta wannan kafa. Sai a lokacin duniya ta ji cewa gudummawar da OpenSSL ke samu ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba. Rubutun a buɗe yake, kowa na iya dubawa, amma kusan babu wanda ake biya ya duba.

Martani ya zo ta fuska da yawa. Mutanen OpenBSD suka ɗauki OpenSSL suka yi mata aski, suka zubar da layuka fiye da 90,000 a makon farko, suka fitar da LibreSSL. Google ya yi nasa reshen, BoringSSL, wanda ke cikin Chrome da wayoyin Android, ma'ana yana aljihun mafi yawan masu tura kuɗi ta waya a Kano da Maraɗi. Gidauniyar Linux ta tara manyan kamfanoni suka fara zuba kuɗi. A 2015 Microsoft ya ba Gidauniyar OpenBSD gudummawa mai tsoka, a 2021 kuma OpenSSL 3.0 ta koma lasisin Apache 2.0. Abin lura shi ne, sassaucin da ya bar aikin ba kuɗi shi ne kuma ya ba kowa damar ɗauka ya gyara ba tare da neman izinin kowa ba.

Aikin bai tsaya ba. Tun fitowar 9.0 a 2022, OpenSSH take haɗa tsohuwar hanyar musayar makulli da wata sabuwa da aka tsara don ta jure wa kwamfutocin kwantum, saboda mai naɗar saƙonni yau yana iya ajiye su har ranar da zai sami injin buɗe su.

Kirana ga bankunanmu da kamfanonin sadarwa da ke cin moriyar waɗannan manhajoji dare da rana shi ne su ware musu kaso a kasafinsu, ko da lasisi bai wajabta ba. Ɗalibin kwamfuta kuma, a Zariya yake ko a Yamai, ya sauke rubutun OpenSSH ya karanta. Kyauta ne, kuma masu aikin suna karɓar gyara daga duk wanda ya kawo mai inganci.