Su Wane Ne Masu Hannun Jari a Kamfanonin Man Doba?

Duk wanda ya taɓa ba ɗan kasuwa jari a nan Kabalaye ya san al'ada: lokaci-lokaci akan zauna a yi lissafi, a ga inda kuɗi suka shiga. To, a Amurka irin wannan lissafi doka ce, kuma mun ga ya dace mu bayyana wa masu karatu yadda take, domin ta taɓa shafar man fetur ɗinmu.

A 1975 ne majalisar dokokin Amurka ta kafa ƙa'idar. Duk kamfanin da ke juya dukiyar jama'a, kamar kuɗin fansho da na inshora, muddin hannayen jarin da yake riƙe da su sun kai dala miliyan 100, tilas ne ya cika wata takarda mai suna 13F sau huɗu a shekara, ya miƙa wa hukumar SEC mai lura da kasuwar hannun jari. Ana ba shi kwana 45 bayan cikar kowane wata uku. A ciki zai rubuta sunan kowane kamfani da ya saya, da yawan hannayen, da darajarsu. Hukumar kan sa takardun a intanet, kowa ya duba kyauta.

Ina ruwanmu da wannan? Esso, wanda ya jagoranci haƙar man Doba tun da aka fara tura shi a 2003 ta bututun nan mai kilomita 1,070 zuwa Kribi a Kamaru, reshe ne na ExxonMobil. Mai waya a hannu, ko daga bakin shagonsa ne, yana iya ganin cewa Vanguard da BlackRock da State Street ne kan gaba cikin masu riƙe da hannun jarinsa. Dukiyar ba tasu ba ce, amana ce ta miliyoyin mutane, amma su ne kan jefa ƙuri'a da sunanta. An ga ƙarfinsu a 2021, sa'ad da wani ɗan ƙaramin kamfani, Engine No. 1, ya samu goyon bayansu har ya ci kujeru uku a hukumar daraktocin ExxonMobil.

Kada dai a ɗauka takardar madubi ce. Kafin ta fito, mai ita yana iya sayar da abin da ya rubuta. Ba ta nuna cacar da ya yi a kan faɗuwar farashi. Wani lokaci ma akan ba da izinin ɓoyewa: sai a Fabrairun 2021 kamfanin Warren Buffett ya bayyana cewa ya daɗe yana sayen Chevron, wato kamfanin da ya sayar wa gwamnatinmu kashi 25 cikin ɗari na man Doba a 2014.

Duk da haka taga ce, kuma a wajenmu ta rufe. A Disamban 2022 ExxonMobil ya sayar da kasonsa ga Savannah Energy na Ingila, a Maris na 2023 kuma gwamnati ta mai da kadarorin mallakar ƙasa. Glencore, wanda ya ba da rancen sayen kason Chevron, ya sayar wa Perenco rijiyoyinsa a 2022, shi kuwa Perenco ba ya cikin kowace kasuwar hannun jari. CNPC, mai kaso mafi girma a matatar Djermaya da aka buɗe a 2011, na gwamnatin Sin ne. Babu takardar 13F da za ta gaya mana wani abu a kansu.

Abin da ya rage mana shi ne rahoton ITIE, shirin bayyana kuɗin ma'adinai da Cadi ta shiga a 2010. Yana nuna abin da kamfanoni suka biya da abin da baitulmali ya karɓa. Sai dai da Faransanci yake, sau ɗaya a shekara, kuma ƙa'idarsa ta yarda alkaluman su yi shekara biyu kafin a buga su.