Rumbun Zamani: Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Ajiya Na Gida

Kusan kowa a wannan kwaleji, malami ko ɗalibi, ya san wani wanda waya ko kwamfuta ta sa shi kuka. Wannan an sace masa waya da hotunan bikinsa a ciki, wancan kuwa ruwa ya shiga kwamfutarsa ana saura mako biyu ya miƙa aikin bincikensa. Malamai ma ba su tsira ba. Shirin darasi na shekara biyar, da makin jarrabawa, da muryar mahaifi wanda ya riga mu gidan gaskiya, duk sai su salwanta dare ɗaya. Kuɗi na iya sayen sabuwar waya, amma ba kasuwar da za ka je ka sayo muryar nan.

Manomi mai hankali ba ya barin dawarsa a gona, ya kan gina rumbu. To, rumbun da na ke so in yi muku bayani wata kwamfuta ce da a kan ajiye a lungun ɗaki, a haɗa ta da rautar gida, watau akwatin nan mai raba intanet. Ba ta da aikin komai sai ajiya. Kowa a gidan, daga wayarsa ko kwamfutarsa, sai ya aika mata kayansa, ya ɗauko sa'ad da ya ga dama. A kanti za ka ji ana ce mata NAS. Akwai haɗaɗɗu irin na Synology da QNAP, sai dai da tsada. Wanda ya haɗa nasa da kansa ya kan sami rangwame, ya kuma san cikin abinsa.

Kuskuren mai farawa ɗaya ne: ya zuba kuɗinsa a inji mai ƙarfi, sa'an nan ya tsuke hannu wajen faifai da wuta. Wannan kamar a yi wa rumbu jinka mai kyau ne, a bar gindinsa ga gara. Ga yadda ya kamata a bi abin daki-daki.

Da farko auna hatsinka kafin ka auna rumbu. Duba wayoyi da kwamfutocin gidan duka, ka tara jimlar abin da ke ciki. Hoton waya ɗaya ya kan kai wajen megabait 4, watau terabait 1 zai ɗauki hoto wajen 250,000. Takardun rubutu ba su da nauyi ko kaɗan. Bidiyo shi ne mai ci, gama awa ɗaya ta bidiyon waya mai kyau ta kan cinye gigabait 4 zuwa 8. In ka sami jimla, sai ka ninka ta biyu ko uku domin shekaru masu zuwa. Ga yawancin malamai terabait 2 zuwa 4 sun isa. Kada ka firgita in ka sayi faifai mai terabait 4, ka ga Windows ta nuna 3.63. Ba a cuce ka ba. Masu ƙira suna ƙirga dubu-dubu ne, ita kuwa tana ƙirga 1,024.

Na biyu shi ne faifai, kuma a nan ne ya kamata mafi yawan kuɗinka ya tafi. A 1956 kamfanin IBM ya fito da faifan ajiya na farko na kasuwa. Yana da faranti 50, nauyinsa wajen tan guda, abin da ya ke ɗauka kuwa haruffa miliyan 5 ne kurum, watau kusan hoton waya ɗaya. Yau wanda za ka riƙe a tafin hannu ya wuce terabait 20. Amma aikin bai sake ba: faranti ne ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana shawagi bisansa. Duk abin da ke juyawa haka, wata rana zai tsaya. Ba maganar ko zai mutu ba ce, maganar yaushe ce.

Sabo da haka kada ka sayi ɗaya, sayi biyu masu girma ɗaya, ka haɗa su tagwaye, duk abin da aka rubuta a wannan a rubuta shi a wancan. Ana kiran wannan dabara RAID 1. Sunan RAID ya fito ne daga wata takarda da Patterson da Gibson da Katz na Jami'ar Kalifoniya a Barkili suka rubuta a 1988. Faifai biyu masu terabait 4 za su ba ka wurin 4 ne, ba 8 ba. Za ka ga kamar asara ce, amma ran da ɗaya ya mutu, sai ka sa sabo, ɗan'uwansa ya cika shi, ba abin da ya ɓata.

Nemi irin waɗanda aka ƙera domin aikin dare da rana, kamar Seagate IronWolf, ko WD Red Plus, ko Toshiba N300. Lalle kuma ka duba haruffa uku a bayanin faifan, ko CMR ne ko SMR. Na SMR yana ɗora layukan rubutu bisa juna kamar yadda a ke jera kwanon rufi, in za a taɓa ɗaya sai an ɗaga na kusa da shi. Yana da araha, amma in aiki ya yi yawa sai ya yi nauyi ƙwarai, musamman lokacin da a ke cika sabon faifai bayan wani ya mutu. A 2020 aka gano waɗansu faifan WD Red na SMR ne ba a faɗa wa masu saye ba, har kamfanin ya ware na CMR ya sa musu suna Red Plus. Kai dai sayi CMR. Araha ba ta ado.

In ƙarfinka na gwanjo ya kai, ba laifi, amma kada ka biya sai an gwada a gabanka. Kowane faifai yana riƙe da lissafin lafiyarsa, ana kiransa SMART, manhaja kuma irin CrystalDiskInfo tana karanta shi kyauta. Duba awowin da ya yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, in ka ga 40,000 ka san ya haura shekara huɗu yana aiki. In kuwa ya nuna akwai gurabun da suka lalace, mayar wa mai shi abinsa.

Na uku wuta, wadda littattafan Turai ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa a Nijeriya ita ce babbar magana. In aka ɗauke wuta faifai yana cikin rubutu, abin da a ke rubutawa na iya lalacewa. In aka dawo da ita da ƙarfi, ko aka juya zuwa janareta, kayan ciki na iya ƙonewa. Don haka UPS, watau akwatin batir mai riƙe wuta, wajibi ne, ba ƙawa ba. Zaɓi wanda ya ke da kafar USB, domin ya gaya wa rumbun an ɗauke wuta, rumbun ya kashe kansa cikin natsuwa kafin batir ya ƙare. Minti goma sun isa wannan aiki. Wanda ya ke da inbata da sola ya huta, sai dai ya lura da cin wuta. Ga lissafi: injin da ke shan wat 30, in ya kwana ya wuni a kunne, zai ci yunit 21.6 a wata. Mai shan wat 100 kuwa zai ci yunit 72. Ka ga inji mai ƙarfi ba ranar saye kaɗai ya ke cin kuɗi ba.

Sai na huɗu, shi injin kansa, wanda mutane ke sa shi farko. Aikinsa karɓa da miƙawa ne, ba ya bukatar ƙarfin a zo a gani. Tsohuwar kwamfutar ofis, irin Dell OptiPlex ko HP da a ke samu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja da sauran manyan garuruwa, ta isa har ta yi saura. In sabo ka ke so, akwai alluna masu furosesa Intel N100, wanda ya fito a 2023, an ƙera shi a kan wat 6 kacal. Abin dubawa uku ne. Akwatin yana da wurin ɗaura manyan faifai biyu? Waɗansu ƙanana ɗaya kurum su ke ɗauka. Allon yana da kafofin SATA, inda a ke soka faifai, aƙalla uku, ko huɗu domin gaba? RAM ɗinsa ya kai gigabait 8? Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da manhajar TrueNAS ke nema. OpenMediaVault tana tafiya da ƙasa da haka. Dukansu biyu kyauta ne. Sa manhajar a ƙaramin faifan SSD dabam, kada ka gama ta da na ajiya. Ka guji kuma rataya faifan ajiya ta igiyar USB, gama yaro ɗaya na iya fizge ta.

Game da haɗi, ja waya daga rumbu zuwa rauta, kada ka dogara ga iska. Wayar Cat5e tana ɗaukar gigabit 1 har nisan mita 100, watau wajen megabait 110 a daƙiƙa. Faifai ɗaya na zamani ya fi haka sauri. Wannan ya nuna maka ko ka sayi furosesa mafi tsada, kayanka ba za su wuce faɗin wannan ƙofa ba.

Kada ka manta da zafi da ƙura. Sa fanka tana hura faifan kai tsaye, ka yi ƙoƙari zafinsu kada ya wuce digiri 45. Ɗora akwatin bisa benci, nesa da taga da ɗakin girki, kamar yadda a ke ɗora rumbu bisa duwatsu. In hunturu ya wuce, ka kashe shi, ka buɗe, ka kaɗe ƙura.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi duka. Tagwayen faifai maganin mutuwar faifai ne kaɗai. In ka goge abu bisa kuskure, ya gogu a duka biyun nan take. In ɓarawo ya shigo, ko gobara, ko tsawa, tare za su tafi. Masana suna da ƙa'ida da su ke kira 3-2-1: kwafi 3 na abin da ba ka so ka rasa, a kan na'urori iri 2, kwafi 1 kuma a wajen gidan. To, cikin kasafinka ka sa faifai na uku, irin na aljihu. Kowane ƙarshen wata ka kwafe muhimman abubuwa a ciki, ka kai ofis ka kulle a durowa, ko ka ba wani amintacce ajiya. Lokaci-lokaci kuma ka buɗe shi ka tabbata abin da ke ciki yana buɗuwa, gama ba a fafe gora ran tafiya.

In kuɗinka bai kai duka ba, ga shawarata. Fara da faifan aljihun nan tun wannan wata, ka kwafe aikinka da hotunan iyali. In albashi ya sake shigowa ka nemi UPS da tsohuwar kwamfuta, sa'an nan tagwayen faifai. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗaliban sashen kimiyyar kwamfuta kuwa, ga aikin hannu ya same ku: ku haɗu ku gina ɗaya, ku cire faifai guda da gangan, ku ga yadda ɗayan zai riƙe kaya. Wanda ya gwada haka da hannunsa, ran da ya je koyarwa zai iya tsare takardun makarantarsa. Allah ya kiyashe mu da asara, amin.