Idan Kaza, To Kaza: Darasin Hujja a Ajin Lissafi

Shirinmu na yau zai leƙa ajin lissafi na babbar sakandare, wajen darasin nan da ake koya wa yara auna magana mai sharaɗi, wato maganar da ke farawa da "idan" ta ƙare da "to". Darasin yana cikin manhajar lissafi ta Najeriya, kuma WAEC da NECO suna tambaya a kansa. Sai dai a makarantu da yawa hadda ake mayar da shi: malami ya cika allo da haruffa da kibiyoyi, yara su kwafa, a wuce. Ni a ganina wannan asara ce babba, domin babu darasin da ya fi shi amfani ga yaron da ba zai sake taɓa lissafi ba bayan ya bar makaranta.

Ga yadda abin yake. Malama ta rubuta: idan siffa murabba'i ce, to kusurwoyinta huɗu duk digiri 90 ne. Gaskiya ne, babu ja. Sai ta juya maganar: idan kusurwoyin siffa huɗu duk digiri 90 ne, to murabba'i ce. Yawancin aji za su amsa da "haka ne, Malama", don kunne yana jin kamar magana ɗaya ce. A nan malamar kirki ba za ta ce sun yi kuskure ba. Za ta nuna ƙofar ajin ta ce wani ya zo ya auna. Kusurwoyin ƙofa huɗu digiri 90 ne, amma tsawonta ya fi faɗinta, saboda haka ba murabba'i ba ce. Ƙofa ɗaya ta rushe maganar. Yaro ya koyi abu biyu ke nan a tashi ɗaya: gaskiyar magana ba ta tabbatar da gaskiyar juyinta, kuma misali ɗaya tak da ya saɓa ya isa ya karya da'awar da aka ce ta game kowa.

Akwai kuma juyin da ba ya taɓa yin ƙarya muddin asalin maganar gaskiya ne, shi ne a juya a kuma kore: idan kusurwoyin ba digiri 90 ba ne, to ba murabba'i ba ce. Ga wani misali: idan an yi ruwan sama tsakar gida za ta jiƙe. Ka tarar da ita a bushe, ka san ba a yi ruwa ba. Ka tarar da ita a jiƙe kuwa, kada ka yi saurin rantsuwa, wataƙila mai garuwa ne ya yi ɓari.

Wanda ya shahara da tsarin kawo hujja a ilimin siffofi shi ne Uƙlidis, malamin da ya zauna a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Littafinsa mai kashi 13 an fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashid. A ƙarshen kashi na farko, mas'ala ta 47, ya tabbatar da ƙa'idar da ake jingina wa Fisagoras: idan alwatika tana da kusurwa mai digiri 90, to in ka ninka kowane gajeren gefe da kansa ka haɗa, za ka sami dogon gefen ninke da kansa. Abin lura, bai ɗauka juyin wannan magana ya tabbata haka kawai ba. Sai da ya ware masa mas'ala ta 48, ya kawo masa hujja tasa daban.

Wannan mas'ala ta 48 ita magini ke aiki da ita in zai fitar da kusurwar ɗaki. Ya ja igiya ya auna ƙafa 3 ta nan, ƙafa 4 ta can, in tsakaninsu ya ba shi ƙafa 5 cif, ya san kusurwarsa ta daidaita, domin 9 da 16 sun ba da 25. Malamin da zai fito da ɗalibansa filin makaranta da igiya da turaku uku ya gama rabin aikinsa.

Kada kuma a ɗauka baƙon ilimi ne a wurinmu. Shehu Abdurrahman al-Ahdari na Aljeriya, mai littafin Ahalari da almajirai ke karantawa a zaure, ya yi wani littafi a fannin manɗiƙi a ƙarni na 16 mai suna Sullam, kuma a ciki akwai bayanin magana mai sharaɗi da hukuncin juya ta. Ɗalibin da ya zauna gaban malamin zaure zai iya tarar da darasin nan ya riga shi zuwa gida.

Dalilin da ya sa na damu da batun shi ne abin da muke ji kullum. An ce masu cuta kaza suna rama, sai a ga mutum ya rame a yanke masa hukunci. An ce ɓarawo yana yawon dare, sai a tare duk wanda dare ya yi masa a hanya. Juyin magana ne aka ɗauka ba tare da hujja ba, kuma ya sha jawo wa bayin Allah wulaƙanci, wani lokacin har da rasa rai.

Saboda haka, malamanmu na lissafi, don Allah ku rage gudu a kan wannan babi. Ku bar yara su yi gardama, su nemo misalin da ya saɓa da kansu, ku riƙa tambayarsu "mece ce hujjarka?" kafin ku ba da maki. Iyaye kuma, yau da daddare ku gwada 'ya'yanku da tambayar ƙofar nan.