Me ya sa tsohuwar waya ke ƙin WhatsApp, kuma ina aka dosa?

Kowace waya da kowace kwamfuta na da wata babbar manhaja da ke tuƙa ta, wadda masu gyara ke ce ma "sistem". Ita ce ke kunna allo, ta karɓi kira, ta ba sauran manhajoji wurin zama. A Tecno, Itel da Infinix da suka cika hannuwanmu, sunanta Android, na kamfanin Google. A kwamfutocin ofis da makarantu galibi Windows ne, na Microsoft.

To, sistem ma tsufa yake. Tun Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayar da ke ƙasa da Android 5. Batiri lafiya, allo lafiya, amma saƙon murya ba ya shiga. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai in ɓarayin intanet suka gano wata sabuwar kafa, babu mai toshe ta, in ba ga wanda ya shiga shirin ƙarin kariya na ɗan lokaci ba. Windows 11 kuwa na neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Kun san inda irin waɗannan kan ƙare: kasuwar okaziyo, da farashi mai daɗin ji.

Ba a ce a jefar da su ba. Akwai Linux, wanda wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ne, kuma ire-irensa kamar Ubuntu da Linux Mint na tafiya a kwamfutar da Windows 11 ya ƙi. Kuna ma amfani da shi ba ku sani ba, don a kansa aka gina Android, kuma shi ke riƙe da akasarin manyan kwamfutocin nesa da intanet ta dogara a kansu.

Can nesan nan ne aiki ke komawa a hankali. Hoto, takarda, lissafi, duk a ajiye a wata ƙasa, waya ta zama taga kawai. Ga mai zaune a Yamai da sauƙi. Ga mutumin ƙauye da sai ya hau tudu yake samun rezo, kuma da kuɗin hatsi yake sayen forfe, a ganina wannan ci gaba ne mai tsada.

Ƴan uwa da ke Kano, Abijan ko Faransa, kafin ku aiko ma tsoho waya, ku shiga "Paramètres", ku duba "À propos du téléphone", ku ga lambar Android ɗinta. In lambar ta yi ƙasa sosai, gara a ƙara kuɗi a ɗauki wata.