Tsara Lambun Furanni a Gidan Bahaushe: Misali Daga Tudun Wadan Zariya

Bahaushe yana da kalmomi biyu, wato "fure" da "fulawa". Ta farko tasa ce ta gado, da ita yake kiran hudar kowane tsiro. Ta biyu kuwa aro ce daga Ingilishi, ita ce kuma ya keɓe wa shukar da aka dasa don ƙawa kawai. Wannan aron yana nuna cewa a da Bahaushe bai cika shuka abin da ba shi da amfani ba sai kyan gani. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa a wuri irin Tudun Wada, ruwa shi ne ke tsara lambu, shi ne kuma ke zaɓen fure.

Damina a Zariya takan kama daga watan Mayu zuwa Oktoba, ana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara. Daga nan sai hunturu da bazara, lokacin da rijiyoyi kan ja baya. Saboda haka mai lambu ya fara auna ruwan da zai iya bayarwa a watan Maris, don daidai ruwa daidai tsaki. Ya zaɓi kusurwar tsakar gida wadda take samun hantsi, kusa da wurin alwala, yadda ruwan da ke zuba zai gangara gindin shuka. Ya sassauta ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ya kewaye wurin da darni saboda awaki, sa'an nan ya yi dashe bayan damina ta kankama.

Dangane da zaɓe kuwa, lalle ne kan gaba: furensa fari ne mai ƙamshi, ganyensa na ƙunshi, ga shi da jure fari. Sai ɗoɗɗoya, wadda kan zauna ko a cikin fasasshiyar tukunya, ana kuma sa ta a ɗaki don korar sauro. Kariya takan zubar da ganye da rani ta fitar da fure ja-ja, amma ruwan jikinta dafi ne, don haka a nesanta ta da yara. Daga cikin baƙin furanni akwai bogenbiliya, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ake kafa reshenta ya kama. Takan hau katanga, ta fi kuma yin fure da rani, sai dai tana da ƙaya.

Daga ƙarshe, ya kamata a lura cewa waɗannan huɗun sun yi tarayya wajen haƙuri da ƙarancin ruwa, in ban da ɗoɗɗoya wadda ke son ɗan yayyafi kullum. Wanda ya fara da su, tsakar gidansa ba za ta rasa launi ba ko da ƙurar hunturu ta rufe gari.